Na Mayar da Kwalba a Wangsa Maju

Shekara biyu ke nan ina zaune a hawa na goma sha huɗu, a wata unguwa da ake kira Wangsa Maju, can ƙasar waje, gidan autata da mijinta, kuma har yau kunnena bai daina neman wata ƙara ba. Ba wai garin shiru gare shi ba. Jirgin ƙasan da ke bi ta kan gada yana wucewa duk bayan 'yan mintoci, ruwan la'asar yana dukan gilashin taga, ga wata mota da ke zagayawa da lasifika tana kiran a fito da tsofaffin jaridu. Amma ƙarar kwalabe suna gugar juna a cikin akwatin katako, wannan ban ji ta ba ko sau ɗaya. Kusan komai a roba yake, ko a wani gwangwani mai laushi da yaro zai murƙushe da hannu ɗaya. A sha, a jefar, a buɗe wani. A zamanin da na tashi, wanda ya sha lemo ya jefar da kwalba sai an tambayi ɗan gidan wane ne.

Ciwon gwiwa ne ya kawo ni, bayan rasuwar mijina Malam. Aka ce wata uku, a yi aiki in koma. An yi aikin, na samu sauƙi, amma maganar komawa kullum sai a ce bari yara su yi hutu. Kada in ɗauki alhaki, ba a rage ni da ci ko sha ba. Sai dai Auta da mijinta tun safe suke fita, jikokina biyu kuwa in na yi musu Hausa sai su mayar mini da Turanci. Duk wanda na sani a garin nan ta hannun Auta na san shi, shi ma a matsayin uwar wance ya san ni. Mutum ɗaya ce tak na samo da ƙafata, wata tsohuwa 'yar China mai ƙaramin kanti a ƙasan gininmu, irin wanda suke kira kedai. Sa'ata ce, ko ta ɗan girme ni. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa, amma na ɗauka tana ganina mace mai hankali da sanin ya kamata, kuma wannan ganin nata shi ne ɗan abin da nake da shi a nan wanda ba wani ne ya nemo mini ba. Wanda bai taɓa haɗa tsufa da baƙunta ba zai ce abin bai taka kara ya karya ba.

A unguwarmu ta gida inda na tashi, can kusa da layin dogo, kanti ɗaya ne ke sayar da lemo, na wani dattijo mai gajeren gemu da muke kira Baba Mai Kanti. Lemo a lokacin ba abin shan kullum ba ne, sai baƙon kunya ya zo, ko da sallah, ko mara lafiya ya ce shi yake marmari. In an aike ka, da kwalba wayam za ka tafi a hannu, ka miƙa ta a ba ka mai ruwa. In ba ka da ita, ko dai ka tsaya a gaban kanti ka shanye yana kallonka, ko ka bar kuɗin kwalba, taro ko sisi, ranar da ka mayar a ba ka abinka. Ba hukuma ce ta sa ba, ba a kuma rubuta a ko'ina ba. Ranar da motar kamfani za ta zo, tun daga kwana muke jin ta, akwatuna suna kacau-kacau a kan hanyar da ba kwalta. Baba Mai Kanti ya fito da nasa ya jera a rana, a ɗaga kowace kwalba a duba bakinta ko ya ɓantare. Wadda ta daɗe tana yawo har wani farin zobe take yi a kafaɗa saboda guga, Inna takan ce irin wannan ta fi ƙwari, ta ga gari.

Wadda kamfani ba ya karɓa ma ba ta rasa aiki. Inna, mahaifiyata, ƙuli-ƙuli take yi, saboda haka man gyaɗa ba ya yankewa a gidanmu, kuma wankin kwalaben mai aikina ne tun ban kai tsawon turmi biyu ba. A zuba yashi da toka da ruwan ɗumi, a toshe baki da yatsa, a yi ta girgizawa har kafaɗa ta ƙage, sannan a ɗauraye a kife a kan karan dawa su tsane. In na ce na gama, Inna ta ɗauki ɗaya ta shinshina, ba ta ma kallo, ta miƙo mini. Na san ma'anar. Totuwar masara ita ce marfi. Ta kananzir daban take, an ɗaura mata jan tsumma a wuya don kada a yi kuskure a zuba mai a ciki. Marafan lemo mu tsince mu kai makaranta a koya mana ƙidaya da su. Gwangwanin madara ya zama aci-balbal ko ma'aunin gishiri. Kwalbar da ta fashe ma ba ta huta ba, a kafa ta a kan katanga ta jira ɓarawo. Bolar gidanmu toka ce da ɓawon gyaɗa, shi ma awaki ke ƙarasa shi. A nan kuwa, mu biyar kacal, kowace yamma sai an ɗaure leda guda cike da robobi an fitar, robobin da da Inna ta samu ko goma daga ciki da ta ɗauka ta yi arziki. Ina kallo raina yana ɓaci, kuma ban da ni ba wanda abin ya dama.

Ina da kamar shekara goma aka yi sunan ƙanena. Baba, mahaifina, ya je ya ɗauko akwati biyu na lemo, abin da ba a saba gani ba a layinmu. Da ya zaro kuɗin kwalba, Baba Mai Kanti ya ture hannunsa ya ce, "Haba Malam, fuskarka ta isa." Aka yi suna, mata suka cika gida, aka sha aka watse. A cikin kwalaben akwai wata koriya sabuwa fil, ko ƙwarzane babu. Na ɗaga ta na leƙa, sai na ga tsakar gidanmu duk ya koma kore, har da akuya da Inna. Ban san me zan yi da ita ba, na dai ji ba zan iya bari ta tafi ba. Na kai ta ɗakin Inna na cusa a bayan jeren kwanuka.

Washegari Inna ta zauna tana mayar da kwalabe cikin akwati, sai rami ɗaya ya rage ba komai. Aka duba bayan randa, aka duba ƙarƙashin gado, aka duba turken awaki. Aka tambaye ni, na ce ban gani ba. Inna ta aika gidajen maƙwabta a tambaya ko yara sun tafi da ita, sai matar gidan da ke jikin namu ta ɗauki abin da zafi, ta leƙo ta katanga tana cewa ita 'ya'yanta ba a yi musu tarbiyyar ɗauke-ɗauke ba. Mutanen da suke aron wuta a wajen juna kullum suka daina gaisawa. Baba kuwa ya ƙi mayar da akwati da rami, ya ce mutum ya ba shi kaya a kan fuskarsa, da wace fuskar zai koma ya ce ga kuɗin ɗaya? Kwana uku yana kewayawa ta bayan kasuwa in zai je masallaci, don kada ya bi ta gaban kantin. Ina ganin duk wannan, amma tsoro ya hana ni magana.

A rana ta huɗu Inna ta sauke kwanuka za ta goge, ta gan ta. Na jira bulala, ba ta zo ba. Ta dube ni ta ce, "Ruwan aka sayar mana, ba kwalbar ba." Ta sa na wanke ta da yashi da toka, ta ce in riƙe da hannu biyu, ba rufewa da mayafi, in fara shiga gidan maƙwabciyar nan in faɗi abin da na yi da bakina, sannan in wuce kanti. Na tarar da Baba Mai Kanti a benci da dattawa uku. Na durƙusa na faɗa. Ya karɓa, ya ɗaga ta a rana kamar yadda ya saba, ya ajiye. Ya ce, "Madalla, 'yar Malam. Je ki gaya wa babanki ya dawo hanyarsa ta masallaci, kewayen nan ya yi masa nisa." Dattawan suka yi dariya, ni kuwa na koma gida ina kuka. Tun daga ranar ban ƙara ganin kwalbar abin sha ba tare da na ji cewa akwai mai ita yana jira ba.

To da wannan kan na sauka Wangsa Maju. Ranar da na fara iya shiga lif ni kaɗai, na je kedai na nuna wata madarar waken suya a kwalbar gilashi, irin ta da sak, na biya da kuɗin da Auta ta nuna mini. Na sha a gida, na wanke ta tas, washegari na mayar. Matar ta kalli kwalbar, ta kalle ni, ta yi ta kaɗa hannu tana surutu. Na ɗauka irin tamu ce, a ce haba ki bar shi mana, sai na ajiye mata a kan tebur na yi murmushi na fito. Da yamma na ba Auta labari ina jin daɗi. Ta ce, "Mama, nan fa ba a mayarwa." Na ce ai ga shi ta karɓa. Bayan kwana biyu na sake komawa da wasu, sai matar ta taso da fara'a, ta karɓa da hannu biyu tana cewa, "Boleh, boleh," wato ba komai, ya yi. Ta jawo mini kujerar roba na zauna.

Daga nan abin ya zama aikina. Duk abin shan da aka sayo daga wajenta, na gilashi da na roba, in tattara in wanke in kife a baranda, da hantsi in zuba a jakar yadi in sauka. Babu yashi babu toka, da sabulun ruwa nake yi, amma da Inna za ta shinshina ba za ta miƙo mini ba. In zauna a kujerar nan kamar rabin awa. Ta nuna mini hotunan jikokinta a waya, in nuna mata yatsu bakwai, yawan 'ya'yan da na haifa. Ta shafa gwiwarta ta yamutsa fuska, in shafa tawa, mu yi dariya. In zan tashi ta miƙo mini alawa biyu, ni kuwa a raina na ce ga kuɗin kwalbar ƙasar nan. Da aka aiko mini da dambun nama daga gida, sai da na ɗibar mata. Wata bakwai muna haka, kuma su ne watannin da ban ƙirga kwanakin komawa gida ba.

Wata rana muna cin abinci, mijin Auta yana duba waya, ya ce, "Mama, kin ga Turawa da tsari. A wasu ƙasashe doka ce, in ka sayi drink za a ƙara maka 'yan kuɗi kaɗan, in ka mayar da kwalbar a ba ka kuɗinka." Yana faɗa yana jinjina kai kamar an gano sabon wata. Na ce masa Baba Mai Kanti bai taɓa shiga aji ba, kuma bai jira majalisa ta zauna ba. Mu muka yar da abinmu muka rungumi roba don a ce mun waye, yanzu an ɗauko shi an sa masa kwat, za a sayar mana a matsayin ilimi. Ya yi dariya ya ce a tashar jirgi ma akwai injin da ke haɗiye roba ya ba ka maki a waya. Na ce injin yana tambayar lafiyar mutanen gida? Auta ta sa baki, "Mama, ga kwandunan recycling nan a ƙasa masu kala uku, ki riƙa sawa a can mana. In ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma sai ka nemi taka." Na ce su sa nasu, nawa suna da mai su.

Ranar wata Laraba na kai kwalabe, muka yi zamanmu, na tashi na tafi. Har na kai bakin lif na tuna na bar laimata a jikin kujera, ga hadari ya haɗu. Na juya. Ban same ta a cikin kantin ba, sai na leƙa ta gefe. Tana tsaye a bayan ginin, gaban babban kwandon sharar da masu gidan abinci ke zubar da ragowar miya da ƙasusuwan kifi, jakata a hannunta. Ta ɗaga ta ta juye gaba ɗaya. Na ji na gilashin sun fashe, ƙudaje suka tashi. Ko cikin masu kala ukun nan ba ta sa ba. Ta kakkaɓe jakar, ta ninke ta da kyau, don kullum washegari take mayar mini da ita a ninke. Ba ta gan ni ba, ni ma ban ɗauki laimar ba.

Bayan magariba na sami Auta a kicin tana yanka albasa. Na ce, "Auta, matar nan a shara take zubar da kwalabena."

Ba ta ɗago ba, ba ta yi mamaki ba, a nan na gane ta sani. Ta ce, "To Mama, me za ta yi da su? Company ba ya collecting, ba wanda ke karɓa."

"To don me take karɓa da hannu biyu?"

Ta ajiye wuƙar. "Ranar farko da kika ajiye mata, ta tare ni a ƙasa ta yi complain, wai kina kawo mata shara, za ta gaya wa management. Ni kuma na ga shi ne kaɗai abin da ke fitar da ke daga gida, doctor ma ya ce ki riƙa tafiya. So na roƙe ta ta riƙa karɓa kawai."

"Haka kawai ta yarda? Me kika ce mata?"

Sai da na maimaita tambayar. Ta ce, "Na ce mata kin fara mantuwa. Kina ganin kamar kina gida, a zamanin da. Ita ma mamanta ta yi irin ciwon kafin ta rasu, shi ya sa ta tausaya. Mama please, wallahi don ke na yi."

Na sha baƙin ciki a rayuwata, na binne miji, na binne 'ya'ya biyu, amma irin wannan ban taɓa ɗanɗana ba. Ni da har yau zan lissafa gidajen layinmu ɗaya bayan ɗaya da sunayen matan ciki, ni aka kai wa baƙuwa a matsayin wadda ta ruɗe, kuma 'yar da na goya ce ta kai. Na tsaya a kicin ɗin ina sake duba wata bakwai. Kujerar, da hannu biyun, da yadda take yi mini magana a hankali tana buɗe baki, da alawa biyun da na ɗauka hakkina ne, ashe duk lallashi ne irin wanda ake yi wa mara lafiya don kada ya tayar da rigima. Da ta wurgo mini kwalbar tun ranar farko ta zage ni, da ya fi mini, don mai hankali ake yi wa faɗa. Na ce wa Auta, "Za ki sauka da ni ki gaya mata ƙarya kika yi. Ki ce mata uwarki lafiyarta ƙalau, a garinmu haka ake yi, kuskuren baƙunta ne." Ta ce, "Mama, abin zai yi awkward, ki bar shi ya wuce." Na ce ba zai wuce ba.

Ranar Asabar da safe muka sauka, hannuna ba komai. Matar ta taso da fara'arta tana duba inda jakar take. Auta ta fara magana, Turanci da yaren ƙasar a haɗe. Abin da na ce ta faɗa bai fi numfashi biyu ba, amma ta daɗe tana yi, tana ɗan murmushi, ta dafa kafaɗata sau biyu. Matar tana gyaɗa kai, tana kallona, tana kallon Auta. Na zuba wa fuskarta ido ina neman kunya, ko mamaki, ko ma haushi, kowanne na samu zan karɓa. Da Auta ta gama, matar ta shiga ciki ta ɗauko laimata ta sa mini a hannu ta naɗe yatsuna a kanta. Sannan ta riƙe gwiwar hannuna ta raka ni har bakin matakala, ta nuna mini ƙofar gininmu da yatsa, ta ɗaga yatsa ɗaya, ta ɗaga huɗu, tana faɗar wata kalma a hankali don kada in manta hawan da nake.

A cikin lif na ce, "Me kika gaya mata?"

Auta tana kallon lambobin da ke hawa ta ce, "Abin da kika ce mana, Mama."

Wataƙila gaskiya ta faɗa, matar ce ta ɗauka wannan ma cikin ciwon ne. Wataƙila kuma wani abin ta ƙara a kan na farko. Ina tsaye a wurin aka yi maganar, a kaina aka yi ta, kuma duk faɗin garin nan ba ni da wanda zan tambaya. Tun daga ranar ban sake sauka ni kaɗai ba, kuma ba wanda ya hana ni.